Randar da Ta Daina Sanyaya Ruwa: Tarihin Gidan Tangaran na Tsohuwar Abuja

Duk wanda ya ci karo da tsohon faranti ko butar shayi irin waɗanda aka yi a Abuja a shekarun 1950 da 1960, to ya kifa shi ya duba gindinsa. Zai ga 'yan tambura biyu da aka danna tun yumɓun yana ɗanye, kowannensu bai wuce faɗin farce ba. Na farko sunan garin ne da rubutun ajami. Na biyu haruffan boko ne na sunan wanda ya yi aikin: MC, ko LK, ko na wani daga cikin abokan aikinsu. Masu tara kayan tarihi a Landan sun san tamburan nan kamar yunwar cikinsu, domin su ne ke raba kayan da za a saya da kuɗin cefane da waɗanda za a yi gwanjonsu da dubban fam.

Abujar da ke jikin tambarin ita ce garin da ake kira Suleja a yau, a jihar Neja, kusa da Dutsen Zuma. Sarakunan Haɓe na Zazzau ne suka kafa ta bayan jihadi ya fitar da su daga Zariya. Muhammadu Makau ya yo kudu da jama'arsa, ɗan'uwansa Abu Ja ya gaje shi, ya kafa gari a 1828, garin ya ɗauki sunansa. Hausawa na cikin ganuwa, Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, da Koro da sauran ƙabilu suna ƙauyukan kewaye. A wannan gari aka buɗe wata 'yar masana'anta a 1952, mai ɗakunan ƙasa da rufin jinka, inda aka yi shekaru ana ƙoƙarin juya yumɓun ƙasar Gwari ya zama tangaran.

Baturen da ya kafa ta, Michael Cardew, ya zo ne da tabon faɗuwa biyu a jikinsa. An haife shi a 1901, ya yi karatu a Jami'ar Oxford, amma ya bi sana'ar tukwane. Ya yi koyo a hannun Bernard Leach a garin St Ives daga 1923, sannan a 1926 ya farfaɗo da wani tsohon gidan tukwane a Winchcombe. Suna ya samu, kuɗi kuwa sai a hankali. A 1942, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, ya karɓi aiki a Kwalejin Achimota da ke Gwalkwas, wato Gana ta yanzu. Yaƙi ya tare hanyar jiragen ruwa, kayan Turai sun yi wuya, don haka aka ɗora masa nauyin wata masana'anta a Alajo, kusa da Akara, mai ma'aikata fiye da 60, da za ta riƙa yin kayan rufi da tulunan ruwa da kayan cin abinci. Cardew gwanin hannu ne, amma riƙon mutane da yawa wani fanni ne daban. 'Yan koyo suka yi masa bore, wani babban gashi ya lalace, a 1945 aka rufe wurin.

Bai koma gida ba. Ya tafi ƙauyen Vume a bakin kogin Volta ya kafa nasa da ɗan abin da ya tara. Shekara uku yana fama da yumɓun da ya ƙi jure wuta da tanderun da ya ƙi yin biyayya, ga rashin lafiya, ga talauci. A 1948 ya haƙura ya koma Ingila. Abu biyu ya tsira da su daga Vume: sanin cewa masana'antar tangaran tana rayuwa ko mutuwa ne a kan ƙasar da aka dasa ta, da kuma wani saurayi mai suna Kofi Athey, wanda daga baya ya zama na hannun damansa a Nijeriya.

A 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta Nijeriya ta ɗauke shi a matsayin jami'in kula da sana'ar tukwane a ƙarƙashin sashen ciniki da masana'antu. Tunanin ofis shi ne a inganta tukwanen gargajiya. Sai ya zaga ƙasa yana duba su, gari bayan gari, ya dawo da rahoton da ba shi aka zata ba. Tukunyar ƙauye ba ta bukatar gyaran kowa. Ana gasa ta a fili da itace da ciyawa, a zafin da bai cika wuce digiri 800 ba, shi ya sa jikinta ke da 'yan ƙofofin da ido ba ya gani. Su ne ke sa ta jure harshen wuta a kan murhu ba ta tsage ba, su ne kuma ke sa randa ta yi gumi, iska ta busar da gumin, ruwan ciki ya yi sanyi. Ga araha. Abin da babu a ƙasar shi ne kayan tebur masu sheƙi, kofin shayi da faranti da buta, irin waɗanda malaman makaranta da akawuna da asibitoci suka fara bukata, ana kuma shigo da su daga waje. Wannan giɓi aka ce a cike.

Da aka zo zaɓen wuri, ba girman gari aka duba ba. Gidan tangaran yana cin abu uku kullum: yumɓu, ruwa, itace. Abuja tana da su duka, ga dazuzzuka a kewaye, ga kogin Iku, ga yumɓu mai kyau a kusa. Tana kuma da sarki mai son abin. Sulaimanu Barau, wanda ya hau gadon sarauta a 1944, tsohon ɗalibin Kwalejin Katsina ne, kuma yana tara tukwanen ƙasarsa don sha'awa. A gidansa Cardew ya fara ganin wasu manyan tukwanen ruwa masu zanen ƙadangaru da kifaye, aka ce masa aikin wata mata ce a Kwali. Aibin Abuja guda ne, ba ta kan layin dogo. Tashar jirgi mafi kusa a lokacin tana Minna, tafiyar kimanin kilomita 100 a kan hanyar da damina ke wahalarwa.

Aikin yau da kullum yana farawa ne nesa da inda ake gini. A ramin yumɓu ake haƙo ƙasa, galibi da rani, a tara ta ta bushe. Sai a daddaka, a jiƙa a ruwa, a dama har ta zama kamar kunu, a tace ta a rariya don a fitar da tsakuwa da saiwoyi. A bar ta ta kwanta, a tsiyaye ruwan sama, a zuba kaurin a wurin shanya har ya yi ƙarfin da za a iya murza shi. Daga nan sai cuɗawa, da ƙafa da hannu, har iskar da ke ciki ta fita. Sannan a lulluɓe shi a ajiye na makonni, domin yumɓun da ya kwana biyu ya fi sabo biyayya a hannu. Ba kasafai yumɓu ɗaya ke isa ba. Wani yana da danƙo amma ba ya jure wuta, wani yana jure wuta amma yana gutsurewa a hannu, sai an gwama su bisa awo. Tsakuwa ɗaya da ta kuɓuce wa rariya tana iya fasa farantin da ya ci aikin mako guda.

Sai keken gini, wanda shi ne baƙon abu a ƙasar. Faifai ne da ake juyawa da ƙafa, magini ya ɗora curin yumɓu a tsakiya, ya jiƙa hannu, ya danne shi har ya daina rawa, sannan ya huda shi da babban yatsa ya ja bangonsa sama. Gwani yana fitar da kofi cikin 'yan mintoci. Ɗan koyo kuwa yana iya yin watanni yana gina abu ɗaya, malami na yanka shi gida biyu da zare don a ga kaurin bangon, a mayar da yumɓun cikin tari. Abin da masana'anta ke nema ya wuce kofi ɗaya mai kyau. Tana son dozin-dozin masu tsayi ɗaya da faɗi ɗaya, don haka ana auna kowane curi a sikeli, ana kuma gina abu ya ɗara girman da ake so, saboda tsakanin bushewa da gashi yumɓu yana tsukewa da wajen kashi ɗaya cikin goma ko fiye.

Butar shayi ita ce jarrabawar magini. Ciki daban, baki daban, murfi daban, mariƙi daban, kuma dole su kai taushi ɗaya a lokaci ɗaya kafin a haɗa su, in ba haka ba mahaɗar ta tsage. A Abuja har kwalaben mai ake yi masu murfin da ake murɗawa, murfin da zarensa duk na yumɓu. An kuma yi wata tukunyar miya mai murfi da aka ɗauko siffarta daga tukunyar Gwari, wadda ta zama ɗaya daga cikin kayan da aka fi sanin gidan da su.

Yanayi ma yana da nasa hukunci. Da hunturu, iska tana busar da bakin kwano tun gindinsa na jiƙe, sai ya karkace ko ya tsage, dole a riƙa rufe kaya da jiƙaƙƙen tsumma. Da damina kuwa kaya su yi kwanaki a kan katako sun ƙi bushewa, itace ya jiƙe, mota ta maƙale a hanya.

Sheƙin da ke jikin tangaran gilashi ne da aka narkar a kansa. A Ingila mai gidan tukwane yana iya aika takarda a kawo masa garin haɗin a buhu. A Abuja sai an nemo shi a ƙasa. Ana niƙa duwatsu masu narkewa a wuta har su yi laushin kwalli, a haɗa da farar ƙasa irin wadda ake samu a filayen haƙar kuza na Jos, da yumɓu, da toka. Hausawa na cewa wanda ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi, to a gidan tangaran toka kuɗi ce da gaske. Ana tara ta, a wanke, a tace, a auna, kuma tokar wannan itace ba ta ba da launin da tokar wancan ke bayarwa. Kowane sabon haɗi sai an shafa shi a 'yan gutsattsarin yumɓu masu lamba, an gasa, an rubuta sakamakon a littafi. Ƙarfen da ke cikin ƙasar wurin ne ya ba kayan Abuja launinsu: kore mai duhu, ruwan ƙasa da ya kusa zama baƙi, wani lokaci da shuɗi-shuɗi inda sheƙin ya taru ya yi kauri.

Ranar gashi ita ce ranar da gida duka ke tsayawa a kai. Tanderun kansa sai da tubalin da ba ya narkewa, kuma shi ma a nan ake yin sa. Kafin a sa wuta, ana jera kaya cikin wasu akwatunan yumɓu masu jure zafi, don kada toka da harshen wuta su ɓata sheƙin, a ɗora akwati kan akwati har sama. Jerin yana son lissafi, domin wani lungu na tanderu ya fi wani zafi, kuma kaya biyu da suka taɓa juna za su fito a manne. In an gama sai a toshe ƙofa da tubali, a yaɓe da laka, a bar 'yan ramukan leƙe.

Da ƙaramar wuta ake farawa, kamar ta ɗumama ɗaki, saboda ragowar ruwan da ke jikin kaya ya fita a hankali. Wanda ya yi gaggawa a nan zai ji ƙarar fashewa daga ciki, kuma ba damar buɗewa. Sa'o'i na tafiya ana ƙara itace, faskararre, busasshe, ana karɓa-karɓa dare da rana. Mai kula da wuta yana karanta launin cikin tanderu ta ramin leƙe: ja mai duhu, ja mai haske, ruwan lemo, har ya koma fari-fari mai kashe ido. A ciki an kafa wasu 'yan tsinkayen yumɓu da aka yi su don su lanƙwashe a zafin da aka sani, in na ƙarshe ya sunkuya an kai wajen digiri 1,280. Kusa da ƙarshe akan rage iska don hayaƙi ya cika ciki, shi ne ke juya ƙarfen da ke cikin sheƙin ya koma kore. Sannan a toshe ko'ina, a bar tanderu ya huce na kwanaki. Mai ɗokin buɗewa da wuri zai tarar sanyin iska ya tsattsaga masa kaya.

Ranar buɗewa ake sanin ko an yi riba. Ana fito da kaya ɗaya bayan ɗaya, a ƙwanƙwasa kowanne da yatsa. Lafiyayye yana amsawa kamar ƙararrawa, mai tsaga kuwa muryarsa a dushe take. A ware na ɗaya, a ware masu ɗan aibi da za a sayar da rangwame, sauran a zubar bayan gida. Aikin makonni na mutum goma ko fiye yana cikin gashi ɗaya, kuma jiƙaƙƙen itace kaɗai ya isa ya mayar da shi asara.

Bayan wuta sai takarda. Wurin na gwamnati ne, sunansa ma cibiyar koyar da ginin tukwane, don haka akwai albashi da alawus na 'yan koyo, da kuɗin itace da na leburori, da rahoton da za a aika wa ma'aikatar ciniki da masana'antu ta Jihar Arewa a Kaduna. Akwai kuma ɗaurin kaya: a naɗe kowane faranti da ciyawa, a cusa a akwatin katako, a ɗora a mota, a yi addu'a. Cibiyar tana da fuska biyu da ba sa jituwa ko da yaushe. A matsayinta na makaranta dole ta haƙura da ɓarnar ɗan koyo. A matsayinta na masana'anta ana tambayarta abin da ta sayar.

A nan ne lissafin farko ya karkace. Talakan da aka ce za a yi wa faranti yana da abin da ya fi masa. Kwanon ƙarfe mai fenti, langa da fanteka da kwanon sha, ya riga ya cika kasuwa. Ba shi da nauyi, in ya faɗi sai dai ya ɓantare, ga furanni ja da shuɗi, ga shi shi ne adon jeren amarya a ɗakin Bahaushiya. Wajen lokacin samun 'yancin kai ma 'yan kasuwa daga Hong Kong suka kafa masana'antun yin sa a Legas da Kano. Farantin Abuja kuwa mai nauyi ne, mai duhun launi, mai tsada, kuma yana fashewa. Masu sayensa suka zama Turawan gwamnati da na kamfanoni, da manyan ma'aikata, da baƙi masu neman tsaraba. An yi niyyar waɗanda aka horar su koma garuruwansu su buɗe nasu, har aka kafa rassa a Sakkwato da Kano, amma ba su yi tsawon rai ba. Tanderu irin wannan yana son jari da itace mai yawa da kasuwa tabbatacciya, abubuwan da saurayi ɗaya da takardar shaida ba zai iya haɗawa ba.

'Yan koyon farko duk maza ne, ko da yake a ƙasar Gbagyi ginin tukwane aikin mata ne. A ƙarshen 1954 mace ta farko ta shigo, ita ce matar nan ta Kwali da Cardew ya ga aikinta a gidan sarki. An haifi Ladi Kwali wajen 1925, sunanta na nuna ranar Lahadi aka haife ta, kuma a hannun gwaggonta ta koyi sana'a tun tana yarinya. Ba ta yi karatun boko ba. Ta zo ne a matsayin gwanar da sarakuna ke sayen aikinta, amma ta zauna ta koyi keke, ta iya faranti da kwano da kofi kamar kowa.

Sai dai abin da ya ɗaga sunan gidan shi ne aikin da ta zo da shi daga ƙauye. Maginiyar Gbagyi ba ta juya tukunya, ita ce ke juyawa. Tana ɗora curin yumɓu a kan wani abu mai ɗan tudu, ta naushe tsakiyarsa, ta sunkuya tana zagaya shi, hannu ɗaya a ciki ɗaya a waje, tana jan bango sama. In yumɓu ya ƙare sai ta murza wani kamar igiya ta ɗora, ta shafe mahaɗar. Ba awo, ba sikeli, amma cikin randar yana fitowa a zagaye kamar an zana da kamfas. In ta ɗan sha iska sai a murza mata guntun zare ko ɗan katako mai tsaga-tsaga don a yi layuka, sannan a ɗauki 'yar wuƙa a zana halittu a tsakanin layukan: kunama, kada, hawainiya, ƙadangare, maciji, tsuntsu, kifi. A ƙauye, daga nan sai gashi a fili, a yayyafa mata ruwan makuba tun tana da zafi, a kai kasuwa.

A cibiyar sai aka bi da ita wata hanya. Ladi ta gina randunanta da yumɓun tangaran, aka cike zanen da farar ƙasa, aka lulluɓe su da sheƙi mai nuna abin da ke ƙarƙashinsa, aka sa a babban tanderu. Abin da ya fito ba a taɓa ganin irinsa ba: siffar Kwali, zanen Kwali, amma da jiki mai ƙyalli kamar dutsen cikin rafi, fararen ƙadangaru na leƙowa ta ƙarƙashin kore mai duhu. Wutar da ta ba ta wannan kyau ita ce kuma ta toshe ƙofofin jikinta. Randar ta daina gumi, ta daina sanyaya ruwa, ta kuma yi nauyin da ba macen da za ta saɓa ta a kafaɗa zuwa rafi. Ta tashi daga kayan aiki ta koma kayan kallo.

Masu kallon kuwa suna da kuɗi. A 1958 aka baje kolin kayan Abuja a Berkeley Galleries da ke Landan, aka sake a 1959 da 1962, kuma randunan Ladi ne suka fi jan ido. Wurin da aka kafa don ya rage shigo da faranti daga waje sai ga shi yana suna da fitar da randa zuwa waje. Ita kanta ta bi kayanta. A farkon shekarun 1960 ta yi gini a gaban jama'a a Ingila da Faransa da Jamus, a 1972 kuma ta zaga Amurka tare da Cardew. Ɗaliban da suka saba ganin malami zaune a kan keke suka ga mace tana zagaya yumɓu, cikin ɗan lokaci randa ta tashi. Bayanta wasu mata suka shigo cibiyar, irin su Halima Audu da Asibi Ido da Lami Toto da Kande Ushafa, har ginin hannu ya zama sashe mai zaman kansa a gidan da aka gina don keke.

Cardew ya yi ritaya a 1965. Abin da ya koya a Alajo da Vume da Abuja game da duwatsu da yumɓu da tanderu ya tattara shi a littafinsa Pioneer Pottery, wanda ya fito a 1969, kuma har yau masu son kafa gidan tukwane da kayan da ke ƙasarsu suna neman sa. Michael O'Brien ya karɓi ragamar cibiyar har zuwa 1972, ya mai da hankali ga gyaran haɗin yumɓu da na sheƙi don a rage asara. A 1974 wata ɗaliba 'yar Kenya, Magdalene Odundo, ta zo ta koyi ginin hannu a wurin matan Abuja, yau tana cikin mashahuran masu wannan sana'a a duniya.

Ladi Kwali ta sha karramawa tun tana raye. Ta sami lambar MBE ta Ingila a 1963, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta a 1977, ta karɓi lambar yabo ta ƙasa ta masana a 1980, da OON a 1981. Ta rasu a Minna ranar 12 ga Agusta, 1984, shekara guda da rabi bayan rasuwar Cardew. An sa wa cibiyar sunanta, amma suna bai hura wuta ba. Da tsofaffin gwanaye suka ƙare, kuɗin gwamnati ya ja baya, aiki ya yi ta raguwa har tanderun ya huce. Irin da aka shuka sai ya tsiro a wasu wurare, a hannun masu zaman kansu: Danlami Aliyu, wanda ya yi koyo a Abuja, ya kafa gidan tukwane na Al Habib a Minna, aka kuma sami na Maraba kusa da Kaduna da na Bwari a yankin birnin tarayya, dukansu da taimakon O'Brien. Su ma da yumɓun gida da itace suke aiki, su ma kuma yawancin masu sayen kayansu mutanen birni ne da baƙi.

Garin ma ya rabu da sunansa. A watan Fabrairun 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yi dokar kafa sabon babban birni, aka ɗauki sunan Abuja aka ba shi, tsohon garin ya koma Suleja don tunawa da Sarki Sulaimanu Barau. Kwali ta faɗa cikin yankin birnin tarayya, Suleja ta tsaya a jihar Neja. Tun 2007 mutanen nan biyu suna tare a takardar naira ashirin, Murtala a gaba, Ladi a baya tana aikin tukwanenta.

Randunanta masu sheƙi suna gidan tarihi na Victoria and Albert a Landan, da na Smithsonian a Washington, da Jami'ar Aberystwyth a Wales, a bayan gilashi, da 'yar takarda a gefe mai ɗauke da sunanta da shekarar gini. A ƙauyukan Gbagyi da ke kewaye da Kwali da Ushafa kuwa mata suna nan suna zagaya curin yumɓu, suna tara itace da ciyawa a fili, suna cinna wuta da yamma. Tukwanen da suka fito ba su da tambari a gindi. Ranar kasuwa ake jera su a bakin hanya, mai saye ya ƙwanƙwasa da yatsa ya ji amo, ya taya, a ɗaura masa a bayan babur.